Wasiƙa daga Lucknow: ka faɗi musun nan, ka biya ni tsirena

Assalamu alaikum mutumina,

Na san ka cika ka batse, wata biyar ba kira ba saƙo. Ka yi haƙuri, jarabawa ce ta shaƙe ni, ga zafin garin nan na Lucknow a Indiya da ko na Sakkwato albarka. Ya Hajiya, ya ƙafar tata? Dama tambayarka zan yi ko ka ba yaron nan da zai taho yajin da kilishin, amma tsaya tukuna, akwai abin da ya fi wannan.

Ka tuna musun da muka tafka a shagon Dogo daren da muka sake kallon Devdas, har wuta ta ɗauke muka ƙarasa da janareta? Ka rantse Madhuri ce ta tsara rawar Kaahe Chhed ɗin nan da kanta, na ce akwai wanda ya koya mata, ka ce in kawo shaida ka sayi tsire. To na kawo. Kuma namiji ne, dattijo ma, sunansa Birju Maharaj, lokacin da fim ɗin ya fito a 2002 yana da shekara 64. Ina jin ka daga nan kana cewa tsoho da rawa, to ka bari in gama.

Wani ɗan ajinmu ne ya ja ni wajen wasan makarantar ƙanwarsa, na bi shi don ance za a raba abinci, gaskiya kenan. Kathak suke kiran rawar, daga kalmarsu ta labari, wai asalinta masu ba da labari ne a wuraren bautarsu kafin ta shiga fadar sarakuna, kuma nan Lucknow sarkinsu Wajid Ali Shah, wanda Turawan Ingila suka tuɓe a 1856, shi ya ɗaure mata gindi. Wallahi ba irin tsalle-tsallen fim ba ne. Yarinya ta ɗaura ƴan ƙararrawa a ƙafa, ghungroo, kamar akayau ɗin ƴan koroso amma sun fi ɗari a kowace ƙafa, mai tabla, ƴan gangunansu na hannu, ya buga ta mayar masa da ƙafa, ya ƙara sauri ta ƙara, ta yi ta juyi kamar katantanwa sai kawai ta tsaya cak daidai kan bugu na farko, ɗakin ya ɗauki tafi. Lissafi ne zalla, zagayen da aka fi amfani da shi bugu 16 ne, ka kuskure ɗaya kowa ya gane. Kai da ka sha bulala kan jadawalin sau bakwai ba ka isa ba.

A hanyar dawowa nake jin tarihin dattijon, na kwana ina kallonsa a YouTube har biyun dare. An haife shi a 1938, gadon gidansu ne, babansa Acchan Maharaj da baffanninsa Lachhu da Shambhu duk sana'ar kenan. Uban ya rasu a 1947 yana ɗan shekara tara, yana shekara 13 har ya fara koyarwa a Delhi. Wannan ne ya tsaya min a rai fiye da komai, don ka san ni da maganar maraici. Daga baya ya daɗe yana jagorantar koyarwa a Kathak Kendra, babbar makarantar rawar a Delhi, har ya yi ritaya a 1998 ya buɗe tasa makarantar, Kalashram. Gwamnati ta ba shi Padma Vibhushan tun 1986, lambar yabo ta biyu a girma a ƙasar. Yana waƙa, yana buga tabla da kansa. Fim kam ɗan gefe ne a wajensa, duk da ya yi wa babban daraktan fim Satyajit Ray aiki a 1977, kuma rawar Deepika ta Mohe Rang Do Laal a Bajirao Mastani, wadda ƙanwarka ta ishe mu da ita, ita ma tasa ce. Amma ka kalle shi a zaune kawai, ba ya ko tashi, da gira da ido da ɗan yatsa zai zama budurwa mai jin kunya, ya juya ya zama yaro mai tsokana, ka manta furfura kake kallo. A nan na gane Madhuri kwaikwayonsa take yi. Ya rasu a Janairun 2022 saura kwanaki ya cika 84.

Yanzu matsalar ita ce ƙafata ta ƙi zama, ina karatu ina ta buga takun rawar, thei thei tat, a ƙarƙashin tebur, ɗan Sudan ɗin da muke ɗaki ɗaya ya ce zai kai ƙarata. Don Allah kar wannan ya kai kunnen Baba, harhaɗa magunguna aka turo ni karanta.

Af, wai da gaske ne Dogo ya kai kuɗin gaisuwa gidan da aka kore shi bara? Na gani a status ɗin yayarka ban yarda ba. Ka turo min murya da cikakken bayani, kar ka rage komai. Tsire kuma na bakin gada nake so, ba na wancan mai jijiyar ba, kuma da ƙuli.

Ka gaida kowa da kowa.
Naka, mutuminka na Lucknow