Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Zamfara Dauda Lawal Kan Matasan Karkara

Mai Girma Gwamna, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan matasanmu na ƙauye, waɗanda shirye-shiryen gwamnati ke wucewa ta kansu.

Manufar matasa ta ƙasa da gwamnatin tarayya ta fitar a 2019 ta ce matashi shi ne ɗan shekara 15 zuwa 29, kuma ta yi maganar aikin yi, lafiya da damawa da matasa a harkar mulki. Magana ce mai kyau. Amma ranka ya daɗe, da wane matashi ake? Shirin N-Power na sama wa matasa aiki da aka fara a 2016, ta intanet aka riƙa cike shi. Bashin karatu na NELFUND sai wanda ya kai babbar makaranta. Saurayin Dansadau ko Zurmi da 'yan bindiga suka raba da gonar ubansa, wanda ko firamare bai gama ba, ba shi da asusun banki, wani lokacin ma sai ya hau tudu kafin wayarsa ta kama layi, ta ina zai shiga?

Ga inda yake ƙarewa. Ko dai ya tafi ci-rani Legas ko Abuja ya kama acaɓa da ga-ruwa, ko ya faɗa ramin zinare. A ramin nan ana zura yaro da igiya, tocila ɗaure a goshinsa, ya yini yana sarar dutse a wurin da numfashi ke yi wa mutum wuya. Idan aka fito da dutsen a niƙa shi a inji, ƙurar ta bi hanci ta bi tufa har cikin gida. Ƙurar nan ce, mai gubar dalma, ta kashe yara sama da 400 a 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum. Waɗanda suka rayu a Bagega da Dareta yau su ne matasan da manufar nan ta 2019 ke nufi, kuma gubar dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa. Wallahi duk lokacin da na tuna da su sai raina ya ɓaci.

A Disamban 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019. Kafin manyan kamfanoni su mamaye wurin, a haɗa yaran nan cikin ƙungiyoyi masu rajista, a koya musu aiki da ruwa yadda ƙura ba za ta tashi ba.

Na yaba da dokar ta-ɓaci da ka ayyana kan ilimi a 2023. Sai dai wanda ya kai shekara 22 ba zai koma aji ɗaya ba. Abin da yake buƙata fili ne a madatsar ruwa ta Bakolori, da iri, da taki, da tsaron da zai ba shi damar yin noman rani ya girbe ba tare da biyan harajin ɓarayin daji ba. Haka su ma Askarawan Zamfara, jami'an tsaron al'umma da aka ƙaddamar a 2024, a fara yi musu tanadin sana'ar da za su riƙe ranar da suka ajiye bindiga.

Roƙona, Mai Girma, jiha ta rubuta tata manufar matasan, da Hausa da Fulatanci, a karanta ta a rediyo. A ɗauki sunaye baki da baki ta hannun hakimai da masu unguwanni a ƙananan hukumomi 14, a fara da sansanonin 'yan gudun hijira, kuma a liƙa jerin sunayen a ƙofar kowace sakatariya kowa ya gani.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Talata Mafara