Masu aika kwali biyar a shekara su ma suna buƙatar a yi magana da su

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Ranka ya daɗe, na daɗe ina bibiyar shafinku na kasuwanci, kuma na lura duk sanda aka taɓo jigilar kaya, manyan 'yan kasuwa ake nufi, masu cika kwantena goma a wata. Irinmu da ke aika kaya ko karɓarsu sau biyu ko uku a shekara, kwali biyar, kwali takwas, ba a cika tunawa da mu ba, alhali mu aka fi yanka. Babban ɗan kasuwa yana da yarjejeniya da kamfanin jirgi, an san shi, ana tsoron rasa shi. Ni kuwa duk ranar da na tashi aikawa baƙo ne, abin da aka faɗa mini shi zan biya.

Ina gyaran keken ɗinki, nakan yi odar kayan gyara daga waje. Karo na farko kwali shida aka haɗa mini, kowanne kilo 9 a sikeli. Na lissafa kilo 54, na ninka da farashin kilo ɗaya da wani kamfanin kai saƙo ta jirgin sama ya ba ni, na ware kuɗin, na kwanta hankalina kwance. Da takardar biya ta zo sai na ga kilo 144. Na ɗauka kuskure ne. Ashe jirgi wuri yake sayarwa, kuma suna da nauyi iri biyu: na sikeli da na girma, wanda ya fi yawa shi za su caje ka. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, a raba da 5000 a wajen yawancin manyan kamfanonin kai saƙo, ko da 6000 idan jigilar jirgin sama ce ta gama-gari. Kwalina 60 ne da 50 da 40. Ninka su, 120,000. Raba da 5000, kilo 24 ke nan. Kwali mai kilo 9 ya koma 24.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da na yanka kwalayen. Rabin kowanne soso ne da dunƙulallun takardu, kayan suna can ƙasa cikin ƙananan ledoji. Iska na biya wa kuɗin jirgi. Mai sayarwa bai yi mini mugunta ba, kwalin da ke kusa da hannunsa ya ɗauka, tunda ba shi zai biya ba. Tun daga ranar ba na yarda a liƙe kwali sai an turo mini hotonsa a buɗe, da tef ɗin awo a jikinsa. Kayan da suka ci kwali shida, da aka matsa su kwali huɗu suka ɗauke.

Karo na biyu na ce na yi wayo, zan bi ruwa, tunda kowa ya san jirgin ruwa ya fi araha. A nan na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Mai ƙaramin kaya ba ya ɗaukar kwantena shi kaɗai, haɗaka ake yi, a zuba kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya, kowa ya biya gwargwadon wurin da ya ci. Ana awon ne da kubik mita, wanda 'yan harkar ke kira CBM, ko da tan ɗaya idan kayan masu nauyi ne. Kwalayena huɗu ba su kai rabin CBM ba, amma aka caje ni cikakken ɗaya, domin shi ne mafi ƙarancin abin da suke karɓa. Wannan ban yi gardama ba. Farashin da mai sayarwa ya ba ni har zuwa tashar jiragen ruwa ya yi sauƙi ƙwarai, har na yi ta ba wa abokai labari.

Da kaya suka iso, wani ejan da ban taɓa jin sunansa ba ya kira ni. Ya miƙo mini takarda mai layi-layi: kuɗin sauke kaya a tasha, kuɗin fasa kwantena, kuɗin sito, kuɗin takardar sakin kaya, da wasu haruffa da shi kansa bai tsaya ya fassara mini ba. Jimillar ta ninka kuɗin jirgin sau da yawa, ba a ma zo maganar kuɗin fito na kwastan ba. Na ce ban yarda ba. Ya ce to, ba damuwa, amma kwanakin ajiya na kyauta suna ƙarewa, bayan su kowace rana da kuɗinta. Kayana a hannunsa, takardar saki a hannunsa. Wa zan kai ƙara? Na biya.

Daga baya na gane yadda abin yake. Akwai ƙa'idojin ciniki da ake kira Incoterms, waɗanda Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya mai hedikwata a Paris ta fara fitarwa a 1936, bugu na baya-bayan nan na 2020 yana da ƙa'idoji 11. Haruffa uku-uku ne da ke faɗin inda nauyin mai sayarwa ya ƙare, na mai saye ya fara. Ni a CIF na saya. Ma'anarsa mai sayarwa ya biya jirgi da inshora zuwa tashar da kaya za su sauka, shi ke zaɓen dillalin jigila, ni kuma na ɗauki abin da ya biyo baya. To dillalin da ba ni na zaɓa ba, me zai hana shi sassauta wa mai sayarwa a can ya fanshe a kaina a nan? Da a FOB na saya, inda nauyin mai sayarwa ke ƙarewa da ɗora kaya a jirgi, ni zan nemo dillalina, in ji kuɗin farko da na ƙarshe kafin kaya su motsa. Akwai kuma DAP da DDP, inda ake kawo maka har ƙofa, na biyun har da kuɗin fito. Idan aka faɗi farashinsu sai ka ji kamar tsada, amma a ganina su ne suka fi dacewa da wanda bai ƙware ba, don a ƙalla ya san abin da ya saya. Sauran kuwa cinikin biri a sama ne.

Yanzu idan zan aika kaya, kamfani uku ko huɗu nake tuntuɓa, in tura musu bayani iri ɗaya: yawan kwali, awon kowanne, nauyinsa, inda za a ɗauka, inda za a ajiye, da lambar kayan a tsarin kwastan. Wannan lamba, da ake kira HS, alƙalumanta shida na farko iri ɗaya ne a kusan duk duniya, kuma ita ke nuna kuɗin fiton da za a ɗora. Sai in ce a rubuta mini jimilla har ƙofa, a faɗi abin da ba ya ciki, a faɗi kwana nawa ne na ajiya kyauta, da ranar da farashin zai daina aiki, domin yawanci ba ya wuce 'yan makonni. Wanda ya ce "kada ka damu, idan sun iso za mu daidaita", ba na sake kiransa. Kuma a faɗi gaskiyar abin da ke cikin kwali. Batirin litiyam, misali, yana cikin kaya masu haɗari, da nasa takardu da nasa kuɗi. Wanda ya ɓoye shi don ragi, ranar da aka gano zai biya har da riba.

Ban da haka, na daina ɗauka cewa ruwa ne kullum mai sauƙi. Kuɗaɗen tasha da na takardu ba su san ƙaramin kaya ba, kusan abin da mai CBM biyar zai biya na takarda shi mai kwali biyu zai biya. Kaya ƙanana masu nauyi da daraja, sau da yawa sama ta fi mini. Wanda kuma kayansa suka doshi rabin kwantena mai ƙafa 20, wadda cikinta ya kai kusan CBM 33, ya tambayi farashin ɗaukarta gaba ɗaya, zai iya shan mamaki. Lokaci ma yana da nasa tasiri. Makonnin da ke gabanin sabuwar shekarar Sin, da kakar jigilar kayan ƙarshen shekara, kowa na rububin wuri. Mai aikawa jefi-jefi yana da abu ɗaya da manya ba su da shi: yana iya jira.

Inshora ce kaɗai ban yarda a rage ba, kuma nan ne ƙananan masu kaya suka fi yin rowa. Idan kaya suka lalace, diyyar da doka ta ɗora wa mai jirgi da kilo ko da yawan kwali ake lissafa ta, ba ruwanta da abin da ka kashe. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar teku da ta ce idan aka yi asara ko aka kashe kuɗi don ceto jirgi, duk mai kaya a ciki sai ya ba da kasonsa. An yi amfani da ita bayan jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suez na kwana shida a watan Maris na 2021. Mai inshora kamfaninsa ya tsaya masa. Marar ita sai ya ajiye kuɗin jingina kafin a sakar masa kayansa, ko da ba abin da ya same su.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne ka sa ɗaya daga cikin wakilanku ya ɗauki kwali guda, ya auna shi, ya tambayi kamfanonin jigila biyar nawa za su kai shi wuri ɗaya har ƙofa, ta sama da ta ruwa. Ku buga amsoshin gefe da gefe, da duk ƙananan layukan da ke ƙasan takarda, har da sunan wanda ya ƙi ba da jimilla a rubuce. Idan ana buƙatar kwali, ina da shida a ajiye, da sosonsu a ciki.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Mai karatunku na kullum