Barka da Sallah daga Kolumbus

Inna,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa. Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana.

Yau Laraba. A wani ɗakin taro da aka kama haya muka yi Idi, ana sallamewa na tuɓe babbar riga na koma gareji, don a nan Kolumbus ta Amurka ba wanda ya san ana Sallah. Shekaranjiya ma an yi husufin rana, gari ya dusashe, mutane suka fito da tabarau suna shewa, ni kuwa sai salati.

Wainarki ce ta hana ni sakat. Tun jiya na jiƙa shinkafa, ƙullu ya tashi yadda kika koya mini, amma ina tanda? A kasko na zuba, ta fito fale-fale, ba ɓawon nan na gefe da muke rububi. Ga kabewa a kanti, ba yakuwa, ba man shanu. Na ci biyu na ture. Na san war haka kin cika kwanuka, yara sun fara kai wa maƙwabta.

Auta ya tambaye ni ko ya bar koyon kanikanci, wai an hana motar fetur a Amurka. Auta, kowace jiha da dokarta. Kalifoniya ce a 2022 ta ce daga 2035 sabuwar mota sai wadda ake yi wa caji, za a fara da kashi 35 cikin 100 a 2026, wasu jihohi suka bi sahu. Tamu Ohayo ta ƙi. A Disambar 2023 Gwamna Mike DeWine ya sa hannu a dokar da ta hana hukumomin jiha ɗauko ƙa'idar Kalifoniya, ko taƙaita sayar da mota saboda abin da take sha.

Wallahi na ji sanyi a raina. Motar lantarki ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, rabin abincina ke nan. Amma tilasta wa mutane kawai dokar ta hana. Tun 2023 Honda da LG suka fara gina masana'antar batir can kudu da mu. Ka riƙe sana'arka, ka kuma riƙa zama wurin masu wayarin. Ni ma abin da nake koyo da dare ke nan.

A gaishe da Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Da Kawu da iyalinsa. Goggo kuwa a je har ɗakinta a zauna, a ce ɗanta bai manta kunun gyaɗar da take ajiye masa da asuba ba, tazbahar da ta ba ni tana aljihuna yanzu haka, kuma a daina barinta tana ɗaukar bokiti da wannan gwiwar. Yaya, a raba goron Sallar yara kafin su tafi kallon hawa. Da mutanen layi duka.

Inna, idan an sami mai zuwa, a aiko mini da ƙaramar tanda, ko ta ƙarfe ce.

Ɗanki