Gwajin bakin mahaifa: kada a manta da iyayenmu mata

Assalamu alaikum, Edita. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan gwaggona da sauran mata sa'o'inta.

Gwaggo ta haura sittin, al'adarta ta ɗauke fiye da shekara goma. Wata rana ina yi mata wanki na ga jini a zaninta. Da na tambaye ta, sai ta sassauta murya ta ce, "Sanyi ne, 'yar nan, kada ki gaya wa kowa." Ashe ta kusa shekara tana shan jiƙe-jiƙe, tana turara ɗakinta safe da yamma don ɓoye warin ruwan da ke fita. Da muka kai ta asibiti aka ce sankarar bakin mahaifa ce, ta riga ta yi nisa. Allah ya jiƙanta.

A wurin jinyarta na fara jin sunan ƙwayar cutar HPV, wadda ke haddasa wannan sankarar. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Yawancin mata jikinsu kan kore ta da kansa, amma a wasu takan laɓe, ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Ke nan abin da mace ta ɗauka tana goyon 'ya'yanta na iya tasowa tana goyon jikoki, lokacin da garkuwar jiki ta fara rauni.

An aurar da Gwaggo tana 'yar shekara 14. Ta haihu goma, ta yi aure uku, mijinta na ƙarshe kuwa mai auri-saki ne. Cikin waɗannan babu abin kunya ko ɗaya a kanta, amma kowanne yana ƙara haɗari. Ko matar da miji ɗaya ta sani duk rayuwarta tana iya samu daga wurinsa, shi kuma bai ma san yana ɗauke da ita ba. Shan taba ma yana ƙarawa, mai ɗauke da HIV kuwa haɗarinta ya ninka sau shida.

Na yi murna da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV a watan Oktoban 2023, ni da kaina na kai 'yata. To iyayensu da kakanninsu fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta fara gwaji daga shekara 30, amma Gwaggo rabonta da a duba ta tun awon cikin autanta.

Ina roƙon ma'aikatun lafiya na jihohinmu su kai gwajin nan asibitocin unguwa, su sa mata su riƙa yi, don tsohuwa ba za ta yarda namiji sa'an ɗanta ya duba ta ba. Malaman Islamiyyar matan aure kuma su gaya wa ɗalibansu cewa jini bayan ɗaukewar al'ada ba haila ba ce ta dawo, a je asibiti a makon.

Daga wata mai karatu,
Tudun Wada, Zariya