A Daina Zubar Da Agogon Aljihu Na Gado

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan agogon aljihu, irin wanda kakanninmu ke ɗaura wa sarƙa su zura a aljihun 'yar ciki. Gyaran agogo ne sana'ata, gadonta na yi, kuma rumfata ba ta da nisa da Kasuwar Kurmi.

Kwanan nan ana yawan kawo min su daga kayan gado, don matasa sun gani a waya wai ana sayensu da tsada a Turai. Wani yaro ya zo da nasa a naɗe cikin ƙyalle, an rubuta Breguet, sunan wani shahararren mai ƙera agogo, a fuskarsa, har ya yi wa mahaifiyarsa alƙawarin kujerar Makka. Da na ɓalle murfin baya na kafa gilashi a ido, sai ga aikin garaje: haƙoran injin ba gogewa, sukurori kowanne da kamarsa. Ya ce, "Amma Baba, wannan fa ya girmi kakana." Ya yi gaskiya, tsoho ne. Sai dai jabu ma tsohuwar sana'a ce.

Shi Abraham-Louis Breguet, da ya rasu a 1823, tun yana raye a Faris ake satar sunansa. Abin ya dame shi har a 1795 ya fara zana wani sa hannu na ɓoye a fuskar agogo, ɗan mitsitsi, ba ya fitowa sai an karkata agogon ga haske. Kamfanin har yau yana riƙe da littattafan da ke ɗauke da lambobin agogonsa da sunayen masu saye. Kafin shi haka aka yi wa Thomas Tompion, mai ƙera agogo na Landan, wanda ya rasu a 1713. A ƙarni na 18 an yi ta ƙera agogo masu araha a Suwizalan, a buga musu sunan Landan, a bi da su ta Holan. A ƙarni na 19 kuma aka koma kwaikwayon na Amurka, irin su Waltham da Elgin.

Saboda haka suna a fuska ba shaida ba ne. A duba lambar da ke jikin injin. In gidan agogon azurfar Ingila ce, za a ga hatimin zaki da harafin da ke nuna shekara. Amma sau da yawa mai ƙera gida daban, mai ƙera inji daban, don haka azurfar kirki na iya rufe injin banza.

Abin da ke ƙona min rai shi ne da zarar na ce jabu ne, sai mutum ya huce haushinsa a kai, ya miƙa wa 'yan gwangwan, ko ya kai wa maƙera su narkar da murfin. Haba jama'a! Agogon da ya shigo Kano bayan zuwan jirgin ƙasa a 1911, ko wanda wani alhaji ya yo tsarabarsa daga Makka, da shi tsohon nan ya riƙa duba lokacin sallah shekara da shekaru. Ko na jabu ne, tarihin gidanku ne.

Ina kira ga hukumar Gidan Makama ta ware wuri ta karɓi irin waɗannan daga iyalan da ke son bayarwa. Wanda kuma zai ajiye nasa, don Allah in ya daɗe a tsaye kada ya murɗa shi da ƙarfi don ya tashi, domin man cikinsa ya bushe. Ya kai wa mai gyara a wanke shi tukuna.

Naku,
Wani mai gyaran agogo,
Birnin Kano.