Injin motata ya buga, gidana ma yana neman bugawa

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na wannan fili. Na daɗe ina sauraron yadda kake warware wa mutane rikicin aure da na zumunci, ban taɓa zaton nawa ta hanyar mota zai biyo ba. Ka yi haƙuri in ka ga ina kwan-gaba-kwan-baya, yau kwana tara ke nan rabona da barcin kirki.

Ni malamin firamare ne a nan Kano. Ina da Golf 3 wagon da nake lodin Zariya da ita Asabar da Lahadi da lokacin hutu, don albashi kaɗai ba ya kai mu ƙarshen wata, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. Asabar ɗin waccan na taso da fasinja, mun wuce Ciromawa muna dab da Kwanar Ɗangora, sai na ji ƙwas-ƙwas daga ƙasan inji kamar ana buga guduma cikin tukunya. Kafin in gangara gefen titi ta mutu. A cikin fasinjan har da wata tsohuwa da za a kai asibiti. Na mayar wa kowa kuɗinsa, na tsaya a rana ina tare musu wata motar, wani yaro da bai wuce sa'an ɗana ba yana ta gasa min magana. Kuɗin janwe ma sai rance na yi.

Amma ba daga nan abin ya faro ba. Wata bakwai da suka wuce motar ta fara hayaƙi shuɗi, tana shan baƙin mai, duk zuwa da dawowa sai na ƙara kusan lita guda, fulogi kullum a jiƙe. Na kai ta garejin yayan matata. Yaya nake ce masa, shi ne ma ya karɓi sadakinta saboda mahaifinsu ya rasu tun tana ƙarama, kuma ban taɓa haɗa ido da shi ina magana ba. Ya ce ringi ne kawai, wato zobban da ke jikin fistin. Ni kuma na ce, Yaya, tunda dai an riga an sauke injin, me zai hana a duba kiranshaf (sandar da fistin ke juyawa) da metal (shimfiɗar ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kai) da famfon baƙin mai gaba ɗaya? A gaban yaransa ya ce min kowa ya tsaya a sana'arsa, ni in tsaya a alli. Suka yi dariya, na haɗiye. Na ba shi duk kuɗin adashin da na ɗauka. Har yau ban ga kwalin ringin da ya ce ya saya ba, ban ga rasit ba, tsofaffin da ya cire ma bai nuna min ba.

Yanzu wai ni na kashe injin. Haka yake faɗa wa kowa. Gaskiya ne ya ce in lallaɓa ta na wajen kilomita 1,000 kafin in fara lodi, sannan in juye mai. To Malam, lokacin ana dab da Sallah, ga kayan yara, ga kuɗin makaranta, motar da zan ajiye ina kallo ita za ta ciyar da mu? Kwana huɗu na yi na koma tasha, kuma ban taɓa wuce gudun da kowa yake yi ba. Juyen man ya ɗan makara, ban musa ba. Jar fitilar mai kuwa da yake ta kafa hujja da ita, sai inji ya yi zafi motar tana tsaye take ɗan ƙiftawa, da na taka totur ta ɗauke. Na ɗauka waya ce ta saki, don rabin fitilun motar nan ƙarya suke yi. Sai yanzu wani direba yake gaya min wannan alama ce ta cewa mai ba ya hawa da ƙarfi, ko metal ya cinye ko famfo ya gaji. To ba su ne abubuwan da na ce a duba ba aka yi min dariya?

Ga inda nake. Yaya ya buɗe injin, ya ce metal ɗin silinda ta uku ya narke ya ci kiranshaf. An taɓa yanka shi sau ɗaya tun motar tana hannun Baba, mahaifina, yana 010, ya ce a kai wajen masu yanka a mayar da shi 020, a yi wa bulok borin, wato a faɗaɗa ramukan silinda, a sa fistin masu girma, a canza konrod (ƙarfen da ke haɗa fistin da kiranshaf) ɗaya da famfon mai da gaskit. Ya ce ba zai karɓi kuɗin hannu ba, kayan kawai zan saya. Ni wannan yafe kuɗin hannun ma shi ya ƙara min zargi, don wanda ya san ba shi da laifi me zai sa ya yi aiki kyauta?

Abokaina na tasha kuma sun ce kada in kuskura, injin da ya buga ya buga, in je Ƙofar Ruwa in ɗauko ɗan Beljiyam a ɗora a wuce wurin. Na je na taya. Kuɗin ya ninka na gyaran har da ɗoriya, kowa ka tambaya sai ya ce dala ce. Sun ce za a tayar min da shi a ƙasa in ji ƙararsa, a ba ni 'yan kwanaki na gwaji. Amma na zauna na yi lissafi: Golf 3 tun kafin shekarar 2000 aka daina ƙera ta, ke nan duk injin da zan saya ya haura shekara 25, kuma ban san wahalar da ya sha a hannun mai shi na farko ba. Nawa aƙalla na san ciwonsa. Ga kuma lambar inji da ke jikin takardun mota, in ta saɓa sai an je an gyara, in ba haka ba kullum ina cikin bayani a hanya.

Na manta ban gaya maka ba, motar ba tawa ba ce ni kaɗai. Gadon Baba ce, akwai rabon ƙannena mata biyu a ciki, duk wata ina ɗan miƙa musu wani abu. Har yanzu ban sanar da su ba. Na san mijin ƙaramar, yana ji zai ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin, da ma tuni idonsa yake kai.

Abin da ya fi ci min rai shi ne matata. Da na ce zan ɗauke motar daga garejin in kai wa wani, sai ta ce na tozarta ɗan'uwanta a idon unguwa. Magana ta yi tsawo. Ita ta ce na kira shi ɓarawo, ni kuwa wallahi cewa na yi ya ci amana, kuma cikin fushi ne. Kwana biyar ke nan daga sannu sai ga abincinka. Alhali ko gyaran ko sayen, ba ni da kuɗin, ɗan kunnenta na gwal ta ce za ta sayar ta ba ni, amma sai in Yaya ne zai yi aikin. Ka ga ai an ɗaure ni ke nan. In na yarda aka gyara ya sake bugawa, gwal ɗinta ya tafi, kuma ni za a ce na yi ganganci. In na ci bashi na sayi ɗan Beljiyam ya zo da matsala, sai a ce ga shi nan, ya raina na gida.

Malam, wanne zan yi? Ko da yake ni abin da nake so ka faɗa, kuma ka faɗa a fili don na san tana sauraronka, shi ne waye ya kamata ya fara ba wani haƙuri tsakanina da Yaya. Jiya Hajiya, mahaifiyarsu, ta aiko in je in same ta ranar Juma'a bayan sallah, kuma ranar ce Yaya ya ce in yanke shawara don yana buƙatar filin da motar take. Kayan injin suna nan a cikin wani tsohon baho a bakin garejinsa, ko rufe su ba a yi ba, ga ƙura.

Naka mai sauraro kullum,
daga Kano.