Sau Uku Aka Ɗiga Maganin, Sau Biyu Aka Karya Shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina da ɗan gyara kan sharhin da kuka buga a shafinku na adabi game da wasan barkwancin nan na William Shakespeare, A Midsummer Night's Dream, wanda aka rubuta wajejen 1595 zuwa 1596, aka fara buga shi a 1600. Mai sharhin ya ce aljanu sun hargitsa masoya a daji, da gari ya waye suka mayar da kowa hayyacinsa. Ba kowa suka mayar ba. Duk ɗaliban da suka ɗauki wannan magana suka hau dandamali da ita, za su ɓata wasan.

Ga yadda lissafin yake. A farko samari biyu, Lisanda da Dimitiriyos, suna neman Harmiya. Ita Lisanda take so, mahaifinta kuma ya ba Dimitiriyos, dokar birnin Atina ta ce ko ta bi umarnin uba, ko a kashe ta, ko ta shiga gidan ibada ta haƙura da aure har abada. Helena kuwa tana son Dimitiriyos, shi ko kallo ba ta ishe shi ba. Da suka faɗa daji, sai ruwan wani fure ya shigo cikin lamarin: wanda aka ɗiga wa a fatar ido yana barci, duk abin da ya fara gani in ya farka, shi zai so. An ɗiga wa mutum uku. Obiron, sarkin aljanu, ya ɗiga wa matarsa Titaniya saboda rigimarsu kan wani yaro ɗan Indiya da ta hana shi. Pak, hadimin Obiron, ya ɗiga wa Lisanda bisa kuskure, alhali Dimitiriyos aka tura shi ya ɗiga wa. Sannan Obiron da kansa ya ɗiga wa Dimitiriyos. Makari kuwa mutum biyu suka samu, Lisanda da Titaniya. Dimitiriyos da maganin a idonsa aka ɗaura masa aure da Helena.

Wasu na cewa ba komai, ai tun a kashi na farko an faɗa cewa Helena ya fara nema kafin ya ga Harmiya, don haka gida maganin ya mayar da shi. Ana iya karanta shi haka. Amma dole mai ba da umarni ya tsayar da ra'ayi ɗaya ya gaya wa ɗan wasan, domin a kan haka ne zai san yadda zai faɗi jawabinsa na farkawa a kashi na huɗu: cikin natsuwar wanda ya warke, ko cikin ɗimuwar wanda bai san abin da ya same shi ba. Ni na fi karkata ga na biyu, don ya fi ba da dariya, ya kuma fi sa mai kallo tunani.

Kuskuren Pak ma yana da dalilai biyu, kuma dole 'yan kallo su gan su da idonsu. Na ɗaya, Obiron ya ce masa zai gane saurayin da tufafin mutanen Atina, bai san akwai samari biyu a dajin ba. Saboda haka a ɗinka wa Lisanda da Dimitiriyos riga iri ɗaya, a bambanta launi kawai, yadda Pak zai ruɗe amma na kujerar baya ba zai ruɗe ba. Na biyu, Harmiya ta ce wa Lisanda ya matsa nesa ya kwanta don kunya, Pak ya zo ya tarar da su a rabe, ya ɗauka wannan ne saurayin da ke wulaƙanta budurwa. In aka kwantar da su kusa da juna, hujjar Pak ta rushe. A bar aƙalla taku huɗu ko biyar a tsakaninsu.

A kula da tsayi wajen rabon matsayi. Helena doguwa ce, Harmiya gajeriya, kuma faɗansu a fitowa ta biyu ta kashi na uku a kan tsayin ya ginu. In aka zaɓi 'yan mata masu kai ɗaya, zagin zai tashi a banza. A fitowar nan ne wasa ya fi mutuwa, domin 'yan wasa kan fara da ihu, kafin a kai tsakiya murya ta ƙare. Helena ba fushi take fara yi ba, gani take an haɗa baki ana yi mata ba'a. A bar abin ya hau a hankali.

Sai kan jakin da Pak ya ɗora wa Botom masaƙi, ɗaya daga cikin masu sana'ar hannun da suka shiga dajin gwajin wasa, wanda Titaniya ta fara gani da ta farka. Kada a yi kan da zai rufe fuska gaba ɗaya, don murya ba za ta fita ba, ga zafi, ga rashin gani. Dogayen kunnuwa da hanci sun isa, baki a buɗe. Abin dariyar shi ne Botom bai san an canza shi ba. Yana nan yadda yake, sai dai ya ji yana sha'awar ciyawa da a sosa masa kai, sarauniyar aljanu kuma na yi masa kirari. Ɗan wasan da ya cika haniniya da harbin iska ya kashe abin.

Game da yawan 'yan wasa, mutum 14 na iya ɗaukar wasan. Peter Brook, mai ba da umarni ɗan Ingila, a 1970 ya sa mutum ɗaya ya yi Obiron da Tisiyos sarkin Atina, mace ɗaya ta yi Titaniya da Hifolita amaryar Tisiyos, dabarar ta bazu tun daga nan. Ana kuma sa huɗu daga cikin masu sana'ar hannu shida su zama ƙananan aljanun da ke yi wa Botom hidima. Sai dai akwai tarko a kashi na huɗu: Obiron da Titaniya na fita, Tisiyos da Hifolita ke shigowa farauta, babu jawabi a tsakani. A tanadi alkyabba da rawani ko hular sarauta da za a sauya cikin daƙiƙu, a tsawaita busar ƙaho har su shirya.

Wasan da masu sana'ar suka shirya don bikin sarki, labarin Firamus da Tisbi, shi ke zuwa a kashi na ƙarshe, da mai yin bango yana ware yatsu a matsayin tsaga, da mai yin wata riƙe da fitila da reshen ƙaya da kare. A gaya musu su yi shi bil haƙƙi, kamar masu jiran tukuici daga fada. Da zarar ɗayansu ya murmusa ya nuna ya san shirme yake yi, 'yan kallo za su daina dariya.

Ina fata za ku buga wannan gyara a fitowa ta gaba.

Naku,
Wani malamin wasan kwaikwayo